Wuta Daga Ruwa: Madatsar Tiga, Fadamar Nguru da Gashuwa, da Ma'anar "Makamashi Mai Sabuntuwa"

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wani furuci ya zauna daram a bakin masu fassara labarai a gidajen rediyo da jaridun Hausa, wato "makamashi mai sabuntuwa". Da shi ake nufin ƙarfin da ake samu daga hasken rana, ko iska, ko gudun ruwa, saɓanin wanda ake haƙowa daga ƙasa kamar kwal da man fetur da iskar gas. A Nijeriya, kaso mafi tsoka na wutar da ake kira da wannan suna daga madatsun ruwa yake fitowa. Saboda haka duk wanda zai yi wa Bahaushe bayanin furucin, tilas ne ya san yadda tashar lantarki ta ruwa take aiki, da abin da take yi wa kogin da aka datse.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ruwa ke zama wuta, ta nuna matsayin tashoshin ruwa a tsarin lantarki na ƙasa, sa'annan ta ɗauki madatsar Tiga a matsayin misali, ta bi ruwanta har zuwa Nguru da Gashuwa da garuruwan tudu irin su Kumagannam a arewacin Jihar Yobe. Daga nan za a dubi kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage, domin a nuna cewa ƙirar kalmar "sabuntuwa" tana ɓoye hannun da ke buɗe ƙofar madatsa da rufe ta, alhali kuwa rayuwar mutanen gangaren kogi ta rataya a wannan hannu.

2.0 Yadda Ruwa Ke Zama Wuta

Abubuwa biyu ne ke ƙayyade yawan wutar da tasha za ta iya bayarwa: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da kuma tsayin da yake faɗowa daga gare shi. Aikin madatsa shi ne ta tara ruwa ta ɗaga shi sama. Daga tafkin da ya taru a bayanta, akan saki ruwan ta cikin wani ƙaton bututu mai gangara, ya doki fuka-fukan wata babbar farfela ta ƙarfe ya juya ta. Farfelar tana haɗe da sandar janareta, wanda ke juya maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, kuma wannan juyi shi ke haifar da lantarki. Taransifoma sai ta ɗaga ƙarfinsa domin ya yi doguwar tafiya a kan manyan wayoyi ba tare da ya zube a hanya ba. Ruwan kuwa, bayan ya juya farfela, yakan fita ta gindin madatsa ya koma kogi.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwa cikin ma'aunin kubik mita 1, idan yana faɗowa daga tsayin mita 1 a kowace daƙiƙa, yana ɗauke da ƙarfin kilowat 9.8, kuma injin kirki yakan juya kimanin kashi 90 cikin 100 na wannan ƙarfi zuwa lantarki. Alal misali, a ƙaddara tasha tana da tsayin faɗuwa na mita 35, ana kuma son ta ba da megawat 10, wato kilowat 10,000. Za ta buƙaci kimanin kubik mita 32 na ruwa a kowace daƙiƙa. Idan ta yi aiki dare da rana har shekara guda, ruwan da zai ratsa ta ya kai kusan kubik mita biliyan 1.

Wannan lissafi yana nuna abubuwa biyu. Na farko, tasha ba ta shanye ruwa, aronsa take yi ta mayar. Na biyu, tasha tana son ruwa ya riƙa gudu daidai wa daida, rani da damina, domin mai sayen wuta ba ya jiran lokacin ruwa. Abin da take sauyawa ke nan shi ne lokacin da ruwa ke isa ga na ƙasa da ita.

3.0 Tashoshin Ruwa a Tsarin Lantarki na Nijeriya

An fara samar da lantarki da ruwa a ƙasar nan a tsaunukan Jos, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya yi amfani da gangaren ruwan Kurra domin bai wa mahaƙar kuza wuta. Babban aiki na ƙasa kuwa shi ne madatsar Kainji a kan Kogin Kwara, wato Neja, wadda aka gina daga 1964 zuwa 1968. An girka mata injuna 8 masu jimillar megawat 760. Tafkinta ya haɗiye tsohon garin Bussa, aka kuma sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni. Bayanta aka yi Jebba a 1985 mai megawat 578, da Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990 mai megawat 600, sai Zungeru, ita ma a kan Kogin Kaduna, mai megawat 700, wadda aka kammala a 2023. Waɗannan huɗu sun haɗa megawat 2,638 a bisa ƙiyasin ƙirarsu. Akwai kuma ƙanana, kamar Daɗin Kowa a kan Kogin Gongola a Jihar Gombe, da Kashimbila a Jihar Taraba, kowace mai megawat 40.

Wutar da ke isa ga jama'a ta babban layin ƙasa takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan lokuta, kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu daga ruwa yake, sauran daga tashoshin gas. Amfanin tashar ruwa ya wuce wannan adadi. Ba ta sayen mai, ba ta jiran bututun gas, ana kuma iya tayar da injinta cikin 'yan mintoci, wanda ya sa ake dogaro da ita wajen farfaɗo da babban layi idan ya durƙushe. Tun da Nijeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, ido ya ƙara komawa kan madatsun da aka riga aka gina domin noman rani da ruwan sha. Dokar lantarki ta 2023, wadda ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ta ƙara wa wannan tunani ƙarfi.

4.0 Madatsar Tiga da Kogin Haɗeja

An gina Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Tsayinta ya kai mita 48, kuma an tsara ta ɗauki kusan kubik mita biliyan 2 na ruwa. Dalilin gina ta shi ne shayar da gonakin rani na Kadawa da kewaye, da kuma bai wa birnin Kano ruwan sha. A 1992 aka kammala 'yar'uwarta a kan Kogin Challawa a ƙasar Ƙaraye. Kogunan biyu suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, kuma madatsun biyu ne ke sarrafa kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwansa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su.

Shekaru masu yawa Tiga tana sakin ruwa ba tare da ya juya farfela ba. A wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Jihar Kano ta fara aikin girka tashoshin lantarki a Tiga da Challawa. An tsara ta Tiga ta ba da megawat 10, domin matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan birni. Idan aka gwada wannan da Kainji, ƙaramin abu ne. Amma hikimar da ke cikinsa babba ce, domin ba a tashi wani sabon gari ba, ba a kuma haɗiye wata sabuwar gona ba. Ruwan da dama za a saka ne aka ce ya yi aiki kafin ya wuce. Sai dai kamar yadda lissafin da ya gabata ya nuna, tasha mai wannan girma, idan ana son ta yi aiki ba yankewa, tana neman ruwan da ya kai kusan rabin cikin madatsar a shekara, kuma tana neman sa a kan lokacinta. Da wannan aka sami sabon mai neman rabo a ƙofar Tiga, bayan manomin Kadawa da mai shan famfo a Kano.

5.0 Fadamar Nguru da Gashuwa

Bayan Kogin Haɗeja ya wuce garin Haɗeja, sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin yashi, ya rarrabu reshe-reshe. Wani reshe, wanda ake kira Marma, yakan nufi arewa ya zuba a tafkin Nguru. Sauran sukan haɗu da Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, a kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Difa har Tafkin Chadi. Ruwan sama a wannan yanki bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, wanda rana ke tsotsewa kuwa ya ninka haka sau da dama. Saboda haka arzikin yankin daga kudu yake gangarowa.

Kafin a gina madatsun, kogin yana da lokuta biyu bayyanannu. A watannin Agusta da Satumba yakan kawo, ya malala bisa fadama, manomi ya shuka shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira "cikowa". Da kaka ruwa ya soma janyewa, sai a bi damshinsa da wake da sauran kayan lambu, masunta su kama kifin da ya taru a ƙududdufai, makiyaya su sauko da dabbobinsu. Da bazara kuwa mafi yawan rassan sukan ƙafe ƙaf. A ƙarshen shekarun 1960 cikowa kan rufe sama da murabba'in kilomita 2,000. A shekarun 1980 da farkon 1990 ta koma ƙasa da 1,000 a mafi yawan shekaru, sakamakon fari da kuma riƙe ruwa a madatsun. Wannan ne ya jawo kafa shirin kare fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, da littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka tsara a kanta a 1993. Binciken tattalin arziki da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a wancan lokaci ya nuna cewa kowane ma'aunin ruwa ya fi ba da amfani a fadama, ta hanyar noma da su da itace, bisa ga abin da yake bayarwa a gonakin rani na sama. A 2000 aka sanya tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

5.1 Kachala

Raguwar cikowa rabin matsalar ce. Ɗaya rabin shi ne ruwan rani. Da madatsun suka riƙa sakin ruwa duk shekara, rassan da a da suke ƙafewa suka daina ƙafewa, wata doguwar ciyawa mai son ruwa marar zurfi ta sami wurin zama. Bahaushe ya san ta tun da da sunan shalla ko geron-tsuntsu, amma mutanen yankin kachala suke ce mata. Ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma. Gonakin wajen Nguru suka nutse, yayin da ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa ya ragu ƙwarai. Ta hana kwalekwale wucewa, ta kuma zama sheƙar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Wannan ɓarna ta riga tashar lantarki ta Tiga zuwa da shekaru masu yawa, don haka ba za a ɗora mata laifin ba. Abin lura shi ne, irin gudun ruwan da farfela ke so, wato marar yankewa, shi ne irin wanda kachala ke so.

5.2 Garuruwan Tudu

Kumagannam, a Ƙaramar Hukumar Yusufari, tana can tudu ne arewa da kogi, a yankin da tuddan yashi ke matsowa. Duk da haka garuruwa irinta ba su rabu da fadama ba, domin can dabbobi ke samun ciyawar rani, daga kasuwannin Gashuwa da Nguru kuma shinkafa da busasshen kifi ke zuwa. Mai tambaya zai iya cewa, me ya hana a gina wa yankin tasa tashar a kan Kogin Yobe? Amsar tana cikin lissafin sashe na 2.0. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsayin faɗuwa, tafkin da za a tara zai yi faɗi ba zurfi, rana ta shanye shi. Makamashin da ya dace da wannan wuri hasken rana ne. An riga an ga misalinsa a tashar megawat 7.1 ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, da ta megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023, wadda girmanta ya yi daidai da abin da aka tsara wa Tiga.

6.0 Kalmomin Fagen a Hausa

6.1 Aro da Faɗaɗa Ma'ana

Hausa ta bi hanyoyi uku wajen karɓar wannan fasaha. Ta ari kalmomi daga Ingilishi ta daidaita su da tsarin sautinta, kamar "lantarki", "janareta", "taransifoma", "mita" da "dam". Ta faɗaɗa ma'anar nata, kamar "wuta", wadda yanzu ake kawowa a ɗauke, da "makamashi", wanda asalinsa abin da wuta ke kamawa ne kamar itace da kara. Ta kuma ƙera sababbi da ɗafa-goshin "ma-" mai nuna wuri, kamar "madatsa" daga "datse", da "matata" daga "tace". Har sunan hukuma ya zama gama-gari. An kafa NEPA a 1972, an rushe ta a 2005, an sayar da kamfanonin da suka gaje ta a 2013, amma har yau "wutar nefa" ake cewa domin bambanta ta da ta janareta ko ta sola.

6.2 Sabuntuwa da Sabuntawa

Daga sifar "sabo" aka sami aikatau "sabunta", daga shi kuma "sabuntu", wanda ke cikin aji na 7 a rabe-raben aikatau na F. W. Parsons. Aikatau na wannan aji ƙi-karɓau ne, abin da aikin ya faɗa wa shi ke zama a gurbin aikau, kuma a lokaci mai ci yakan nuna yiwuwa. Mu dubi waɗannan misalai:

(1) Rigar tana ɗinkuwa.
(2) Motar ba ta gyaruwa.
(3) Makamashin yana sabuntuwa.

A duka ukun ba a ambaci mai ɗinki, ko mai gyara, ko mai sabuntawa ba. Ta fuskar ƙira, "mai sabuntuwa" fassara ce mai kyau, kuma ta dace da hasken rana, wanda babu mai riƙe da mabuɗinsa. Game da ruwan madatsa kuwa, rabin gaskiya take faɗa. Damina ce ke sake cika tafki, amma mutum ne ke yanke shawarar ranar da za a saki ruwa, da yawansa, da wanda za a fifita. Akwai wata fassara da akan ji a wasu kafofi, wato "makamashin da ake sabuntawa". Ita tana ɗauke da lamirin "a", wanda ko da bai fayyace aikau ba yana tabbatar da cewa akwai shi. Irin wannan lamiri ne ke cikin "an ɗauke wuta" da "an sako ruwa", kuma duk Bahaushen da ya ji su ya san yana da damar tambaya, wa ya ɗauke, wa ya sako?

6.3 Cikowa da Ambaliya

Matsala ta biyu ita ce yadda "ambaliya" ta mamaye gurbin "cikowa" a Hausar labarai. Ingilishi kan yi amfani da kalma guda ga ruwan da ke rushe gidaje da ruwan da ke raya fadama, mai fassara kuma ya bi sawunsa ya ce "ambaliya" ga duka biyun. Sakamakon haka, idan aka ce madatsa tana "hana ambaliya", mai sauraro a Kano alheri zalla zai ji, alhali ga manomin shinkafa a ƙasar Bade ana iya nufin an hana shi cikowar da yake jira. Hausa tana da kalmomin biyu, don haka babu dalilin narkar da su. Haka kuma harsunan yankin, wato Bade da Duwai da Manganci da Fulfulde, na masunta da manoma da makiyayan da suka daɗe da wannan kogi ne. Ayyukan ƙamus da marigayi Russell Schuh da abokan aikinsa suka yi kan harsunan Yobe sun share hanya ga mai son tattara sunayen da suke bai wa matakan ruwa, da rassan kogi, da ire-iren kifi da ciyayi, kafin Hausar gari ta shafe su.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa tashar lantarki ta ruwa tana da gurbi babba a shirin Nijeriya na rage dogaro da gas, kuma girka injuna a madatsun da ke akwai, kamar Tiga, hanya ce mai sauƙin ɓarna. Ta kuma nuna cewa abin da tasha ke sauyawa shi ne lokacin ruwa, wanda a kansa noma da su da kiwo na Nguru da Gashuwa suka dogara. Masana ruwa sun daɗe da ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa da damina domin a kwaikwayi cikowa, a kuma rage shi da rani har kachala ta bushe. Akwai dandalin da za a tattauna haka, wato asusun amintattu na kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu-Yobe, wanda jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka amince da kafawa a 2006. Nijeriya kanta ta san zafin zama a gangare, tun da madatsar Kandaji da Nijar ke ginawa tana sama da Kainji a kan kogi guda.

Rabon masana harshe a nan shi ne su tabbatar cewa tattaunawar ta gudana da kalmomin da mutanen fadama za su gane, su kuma iya mayar da martani da su. Ana ba da shawarar masu tsara keɓaɓɓun kalmomi su bar "mai sabuntuwa" ga makamashi a dunƙule, su riƙa fayyace aikau duk inda ake maganar sakin ruwan madatsa, su dawo da "cikowa" gurbinta daban da "ambaliya", sa'annan sassan nazarin harsuna su tura ɗalibai Nguru da Gashuwa da Yusufari domin tattara kalmomin ruwa daga bakin masu su.